Harsashi Biyar a Farantin Takarda

Shekara arba'in Harlan Tuttle ya yi yana zagin madubin bindiga a shagonmu na bindigogi, tun babana na da rai har shagon ya dawo hannuna. In ya shigo sayen harsashi ya tarar ina ɗaura wa wani madubin hange a kan bindigarsa, sai ya tsaya ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce wa mai bindigar, "Ka ce ta haɗa maka da sandar makafi, za ta yi maka ragi." Mutum ya yi dariyar yaƙe, ni kuwa in ji kamar in jefe shi da sukudireba. Ina neman abinci, shi yana kore min masu saye da baki.

Shi ya sa ranar da ya shigo cikin watan Oktoba, ya ajiye libarbarsa a kan kanta naɗe cikin tsohon tawul, ya ce madubi yake so, ban tausaya masa nan take ba. Sai da na ɗan rama.

"Ban ji ba," na ce. "Kunnen nan nawa na hagu ya fara ba ni matsala."

"Kin ji sarai, yarinya."

Shekarata hamsin da takwas a lokacin, jikokina uku, amma a bakin Harlan ni yarinya ce, don ya san ni tun ina rarrafe a bayan wannan kantar.

"To da sandar za a haɗa ko babu?"

Bai yi dariya ba, bai kuma mayar min ba. Harlan da ba a gaya masa ɗaya bai gaya maka uku ba. Nan na ajiye abin da ke hannuna.

Mai haƙa rijiya ne. Rabin ruwan da ake sha a wannan yanki namu na kudancin jihar Ohio shi ya fito da shi daga ƙasa, shi da wata tsohuwar mota mai injin haƙa wadda ake jin ƙararta tun daga wancan tudun. Aikin ne ya cinye masa kafaɗar dama. Yana da sittin da biyu likitoci suka sa masa ƙarfe a ciki, suka ce shi da ɗora doguwar bindiga a kafaɗa har abada. Da wani ne, da ya rataye ta a bango ya koma kallon talabijin. Harlan sai ya zo wurina ya sayi libarba, irin manyan nan masu dogon baki da ramin harsashi shida, wadda harsashinta ya kai kaurin ɗan yatsa. Rani guda ya yi a bayan rumbunsa yana harbin gwangwani, har matarsa Nadine ta rantse kajinta sun daina ƙwai. Daga nan shekara goma sha biyu a jere bai fita makon farauta ya dawo hannu rabbana ba. Ba ya bin ƙaho, nama yake nema. Nadine ta dafa ta rufe a kwalabe, kashi ɗaya nasu, kashi ɗaya na zawarawan cocinmu, kuma in ka yi masa godiya sai ya ɓata rai.

Yana da daji eka tamanin da ya gada, barewa a ciki ba a magana. Kowa na son ya shiga, amma akwai ƙa'ida tun zamanin mahaifinsa. Za a kafa farantin takarda, irin na cin abinci a taro, a jikin kututture a bayan rumbu. Faɗin farantin shi ne faɗin wurin da in harsashi ya shiga a ƙirjin barewa ba za ta wahala ba. Za ka harba sau biyar. In biyar ɗin suka shiga, daji naka ne. In huɗu ne, Nadine ta ba ka kofi da kek ɗin tuffa, ka kama hanyar gida. Ya mayar da fastonmu. Ya mayar da mijin 'yarsa ta cikinsa. Ya mayar da mijina Gus, wanda har ya mutu in aka ambaci Harlan sai ya ce, "Iska ce ta kaɗa ranar." Ban taɓa yafe masa wannan ba gaba ɗaya, ko da yake na san Gus ba gwanin harbi ba ne.

Abin da ya kawo shi shagona kuwa na riga na ji shi a bakin Nadine, a bayan coci, cikin raɗa. Idonsa ne ya fara gazawa. Ɗan ƙarfen saitin da ke bakin bindigar ya daina fita masa sosai, ya zama dishi-dishi, shi kuma bai gaya wa kowa ba. Bara ya harbi wata barewa mace, harsashin ya same ta can baya, a ciki. Ta gudu. Kwana biyu yana bin jini a cikin dusar ƙanƙara, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, yana hawa tudu yana sauka. Rana ta uku hankaki suka nuna masa inda take, diloli sun riga shi. Nadine ta ce duk hunturun nan bai sa naman barewa a baki ba, magana ma sai ta kama dole.

"Zan kafa wa kaina faranti," ya ce da ni ranar a shago. "In biyar ba su shiga ba, shi ke nan, na gama."

"Wa zai ƙirga?"

"Ke. Nadine ko biyar ta gani uku za ta ce, don in zauna mata a gida in riƙa gyara famfo. Ke kuwa kina da haushina, ba za ki ƙara min ko ɗaya ba."

Na fito da madubi uku na jera masa. Ya ɗauki na farko ya kai shi ido, yadda ya ga masu doguwar bindiga na yi. Ya ce shi duhu kawai yake gani.

"Miƙe hannunka," na ce. "Har ƙarshe, yadda kake riƙe libarbar. Wannan ba a manna masa ido. In ka kawo goshinka kusa ka harba, bindigar nan za ta buɗe maka gira, Nadine kuma ta zo ta buɗe tawa."

Ya miƙe hannu a hankali. Na ga lokacin da hoton ya buɗe masa, don gashin girarsa ya ɗaga.

Na farkon ba ya kusanto da komai, ɗigon ja ne kawai mai aiki da batir. Wannan ko sauraro bai yi ba. Ya ce shi ba zai shiga daji da abin da ke mutuwa kamar tocila ba. Na biyun yana kusanto da abu sau biyu, ɗan gajere, mara nauyi, shi na so ya ɗauka. Na ukun dogo ne, sau bakwai, an yi shi ne don masu gasa da ke ɗora bindiga a kan buhun yashi suna harbin ƙarfe daga nesa. Ban san abin da ya sa na fito da shi ba. Ya nufi taga da shi, ya jingina gwiwar hannunsa a kan kanta, sai ga shi yana karanta lambar wata a-kori-kura da ke tsallaken titi, harafi bayan harafi. Fuskarsa ta washe. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Wannan," ya ce.

"Ba naka ba ne, Harlan. A daji in barewa ta tsaya kusa, gashi kawai za ka gani, ba za ka san ƙirji ne ko gindi ba. Kuma duk rawar da hannunka ya yi, sau bakwai zai nuna maka ita."

"Hannuna ba ya rawa."

"Hannun kowa na rawa. Nawa ma na yi."

"Naki dai. Ɗaura min."

Duk wanda ido ya fara gudunsa haka yake yi, na ga irinsu ba adadi. Gani yake in abu ya ƙara girma, matsala ta ƙare. Ya kamata in ƙi. Na san abin da zai faru, amma na ce a raina bari ya gani da idonsa, tunda shi ba a gaya masa. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk shekarun da na yi a bayan kanta.

Ranar Asabar da safe na je gonarsu. Ya riga ya kafa farantin, ya auna yadi hamsin, ya kife bokiti ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan sanduna biyu da ya ɗaure a gicciye, yadda yake zama a daji. Na sa abin toshe kunne na tsaya a bayansa. Ya ɗana kunama. Na jira. Shiru. Ya sauke bindigar ya share tafin hannunsa a wando, ya sake ɗagawa. Mutumin da na sani yana ɗagawa yana harbawa, sai da ya yi kusan minti goma kafin harsashi biyar su fita.

Na taka har kututturen. Biyu ne a farantin, ɗaya ma a gefe-gefe. Ban iya ɗaga murya na faɗa ba, sai na cire farantin na kawo masa.

Bai kalle shi ba. Hannunsa yake kallo.

"Ashe haka yake," ya ce. "Na gani, Maxine. Gicciyen saitin nan na cikin madubi yawo yake yi. Ya hau sama, ya fita daga farantin gaba ɗaya, ya dawo ta ƙasa. Ina riƙe da iya ƙarfina, yana tafiya."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar jana'izar Gus.

"Madubin ne, Harlan. Na gaya maka."

"Madubi ba ya rawa shi kaɗai. Abin da ke akwai ya nuna min. Shekara nawa ke nan ina nuna dabbobi da wannan hannun ban sani ba? Na kori mutane daga dajin nan, ashe ni ya kamata a fara kora."

Ya buɗe bindigar ya zazzage kwanson harsasan a tafinsa, ya naɗe ta a tawul ya miƙo min. Ya ce in sayar wa wanda na ga ya dace. Ya shiga gida, ko bokitin bai ɗauka ba.

Tausayinsa ya kama ni har na rasa yadda zan tuƙa mota. Haushin kaina kuma ya fi tausayin. Ban sayar ba. Na kwance dogon madubin na mayar da shi kwali, na ɗaura gajeren, na saita shi da hannuna a filin harbin da ke bayan shago. Ranar Talata na rufe shago da rana tsaka, abin da babana bai taɓa yi ba, na koma.

Na same su a kicin. Da ya ga tawul ɗin ya ɗaure fuska.

"Na ce ki sayar."

"Ba wanda zai saya. An ce ta saba da hannun mai taurin kai."

"Yarinya, ba na son wasa."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Ni na sayar maka da abin da bai dace ba, ni zan gyara. Rawar da ka gani tana nan tun kana saurayi, kowane maharbi da ita yake harbi. Ka gan ta ne an hura ta sau bakwai, ka tsorata, ka ƙara matse bindigar, ta ƙara rawa. Biyar kawai nake roƙo."

Ya girgiza kai. Sai Nadine, wadda na ɗauka ita za ta fi kowa murna, ta ajiye butar kofi da ƙarfi.

"Harlan Tuttle, tashi ka je ka harba. Na zauna da kai hunturun bara, na ga abin da ya rage in an cire maka daji. Ba zan sake ba. Famfon ma gara in kira mai gyara."

Ya dube ta. Sannan ya ɗauki hularsa.

A yadi hamsin huɗu suka shiga, a dunƙule, na biyar ya fita da kamar faɗin yatsa uku. Na ga kafaɗunsa sun ɗan saki, amma ya ce, "Huɗu huɗu ne. Ki gaya wa Nadine ta ɗora kofi, ta yanko kek."

Ina tsaye da farantin a hannu wani abu ya faɗo min.

"Harlan, mahaifinka da ya kafa ƙa'idar nan, yadi hamsin ya ce?"

"Biyar a faranti ya ce."

"Daga ina?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Daga inda za ka harba," ya ce a hankali. "Cewa yake, inda biyar ɗinka suka shiga, nan ne iyakarka. Ni na mayar da shi hamsin, don kowa hamsin yake so."

"To ɗauki bokitinka."

Ban taɓa ganin tafiya mai nauyi irin wannan ba. Taku goma ne kawai, amma mutumin da ya taɓa kayar da barewa daga wannan tudu zuwa wancan ne yake yin su, da bokiti a hannu, a gaban matar da ya kori mijinta. A yadi arba'in ma huɗu ne. Ya sake ɗaukar bokitin ba tare da na ce masa ba. A yadi talatin biyar suka shiga. Ya ce a kafa sabo, wataƙila sa'a ce. Suka sake shiga, har biyu a rami ɗaya.

"Talatin," ya ce. "Da dutse ma ana jifa a haka."

"To ka bar min bindigar ka tafi da dutse."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Kafin mako ya zagayo ya yayyaga wata tsohuwar jar rigar Nadine, ya auna yadi talatin daga bishiyar da yake zama ta kowace fuska, ya ɗaɗɗaura ƙyallen a rassa. Abin da ke cikin da'irar nasa ne, abin da ke waje ba ruwansa.

Litinin ɗin da aka buɗe farauta, bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, ya shigo shago da azahar, bayan motarsa wayam. Ya zuba wa kansa kofi daga tukunyar da nake ajiyewa don masu saye, ko tambaya babu.

"Wani namijin barewa ya fito min," ya ce. "Ƙahonsa ya fi faɗin kantar nan. Ya tsaya ya ba ni gefe, taku goma sha biyu bayan ƙyallen. Gicciyen ya zauna a kan haƙarƙarinsa, ko motsi bai yi ba. Da na taɓa kunama da ya faɗi a wurin."

"To?"

"To me? Bayan ƙyallen yake."

Ya kurɓi kofin, ya ce ya yi sanyi, ya ce tun zamanin babana ba a taɓa yin kofin kirki a shagon nan ba. Ranar Alhamis ya harbi barewa mace a yadi ashirin, ta faɗi inda take tsaye. Nadine ta aiko min da kwalba shida.

Tun daga nan, kowace shekara in ganye ya fara zuba sai ya kira ni in zo in ƙirga. Ya daina farawa daga hamsin. Shekara ta biyu ashirin da biyar ce iyakar, ya je ya matso da ƙyallayen. Ta uku goma sha biyar. Na ce masa a wannan tazarar ai barewa za ta ji warin kofin da ya sha da safe. Ya ce sai ya daina sha. Ya kuwa daina na mako guda, ya zauna a gindin bishiyar nan kwana shida cikin sanyi, rana ta shida ya samu tasa. Rawar hannun a lokacin ta daina ɓuya, ba sai da madubi ba, ana ganinta in ya ɗaga cokali.

Bana na je da yamma, bayan na rufe shago. An girbe masarar da ke tsakanin rumbu da bakin daji. Ya ajiye bokitin a yadi goma, kusa har ina iya ganin zanen furen da ke gefen farantin. Ya harba biyar, bai yi gaggawa ba. Ban ma taka ba, daga nan muke gani mu duka. Uku.

Na jira ya ɗauki bokitin. Bai ɗauka ba. Ni ma ban ce ya ɗauka ba, don na san babu sauran inda za a matsa. Ya zazzage kwanson harsasan, ya duba ramukan shida ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo min ita.

"Wannan karon ki sayar da gaske," ya ce. "Amma cire min madubin tukuna."

Na ciro sukudireba daga aljihu na durƙusa a kan ciyawa. Sukuru huɗu ne kawai, amma na daɗe a kansu, don idona ya cika, ban kuma so ya gani ba. Na miƙa masa. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya juya wajen daji, ya miƙe hannu har ƙarshe. Madubin na kaɗawa, sai ya tallafe shi da ɗaya hannun.

"Akwai barewa uku a bakin gona," ya ce. "Uwa da 'ya'yanta biyu. Ƙaramin yana ɗingishi, amma yana ci. Ke ba ki gan su ba ko?"

Na duba iya dubawata. Ban gan su ba.